Taku Arba'in

Hansatu, ɗiyar ƙanena, ta dawo daga jami'a
da wani baƙin abu a tafin hannu,
bai kai farce ba.
Ta ce, Baffa, rediyo ce.
Na yi dariya har na ƙware da goro.

Ta ce wannan ba ruwanta da labaran duniya.
Baki da kunne a ƙwaya guda,
in ta faɗi tata, sai ta yi shiru.

Ɗaya ta soke cikin rumbun albasa,
ɗaya ta ajiye gefen shimfiɗata.
Babu waya tsakaninsu, ko zare.
Tsakar dare ta rumbu ta yi raɗa:
zafi ya hau, ruɓa na tafe.
Ta ɗaki ta ƙifta jan ido.
Na fita na ɗage zana, iska ta ratsa.
Bana albasata ta kai damina, Aliero shaida ce.

Na tambayi iyakar muryarta.
Taku arba'in, in ji Hansatu,
in katanga ba ta cika kauri ba.

Bayan la'asar na auna da ƙafata.
Daga ƙofata zuwa ta Labbo, ubanta,
taku sha tara.
Shekara shida tun rabon gonar fadama
ko sallama ba ta ƙetare ba.

Tana naɗe kayanta, ba ta ɗago ba, ta ce,
muddin tana magana, Baffa, ba ta ji.

Yau ga ni a taku na sha takwas,
ina gyaran murya.