Aikin Dare, Kunun Safe

Tun da aka mai da Lantana aikin dare
a ɗakin haihuwa na asibitin Kumo,
murhun safiya ya faɗo hannuna,
ni da ko ruwan wanka na ɗora
sai na ƙona yatsa.

Makon farko mai shayin bakin tasha ya raine mu,
burodi rabi-rabi, siga cokali huɗu.
Kafin ƙarfe goma Mubina na gyangyaɗi a aji,
Sagir kuwa ya sayar da fensirinsa ya sayi awara.

Sai ga takarda ɗaure a hannun tukunya,
rubutun Lantana, jerin tururuwa:
Jiƙa gero tun azahar.
Gyaɗa kofi biyu, kar ta yi baƙi.
Tsamiya a ƙarshe, bayan ka sauke.
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin sauke.

Jiya da yamma na soya gyaɗar,
na murje ta a faifai, na hure,
jan ɓawon ya tashi ya sauka a gemuna.
Na kai niƙa injin Bappa Manu,
layi duk 'yan mata, ni kaɗai mai hula.
Wata tsohuwa ta ce, Malam, yaji aka yi maka?
Na ce a'a, Goggo, tana can tana karɓar 'ya'yan mutane,
ni kuma ina riƙe mata nata.

Yau na riga ladan tashi.
Gawayi ya yi gardama, na lallashe shi da mafici.
Na dama ƙullun gyaɗa,
na tace shi da farin ƙyallen da ta ware don haka,
ya zubo fari sol
kamar yanzu aka tatso shi a rugar bayan gari.
Citta ɗan gutsure, kanumfari uku,
sai jira.

Jira shi ne rabin kunu.
Ka juya baya ka ɗauko ludayi,
kumfa ta hau, ta kashe maka wuta.

Da ya tafasa na kawo gasarar gero,
hagu na zubawa siriri,
dama na juyawa ba numfashi.
Ranar farko na tsaya sosa ƙeya,
gudajin da na tara
da an jibge su da sun tad da dutsen Bima.
Rana ta biyu na zuba tsamiya a kan wuta,
kunu ya tsinke, ruwa gefe gyaɗa gefe,
kamar maƙwabta bayan rigimar iyakar gona.
Kaji ne suka gode mini.

Yau dai na sauke tukuna.
Ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan,
ya kama jikinsa, ya yi kauri, ya yi sheƙi.
Dabino biyar na daka maimakon siga,
domin mai gidan nan ta gaskiya ta ce
haƙoran Sagir ba na aro ba ne.

Mubina ta kurɓa, ta yi shiru irin na alƙali.
Ta ce, na Mama ya fi santsi.
Ta miƙo kofin a ƙara mata.
Sagir ya fita da farin gashin baki,
ban goge masa ba,
bari makaranta ta ga shaida.

Bakwai da rabi ɗan acaɓa ya ajiye ta.
Idanu ja, takalmi a hannu,
ta ce haihuwa uku, ɗaya tagwaye.
Ta zauna a kan turmi ba ta ko cire farin kaya ba,
ta riƙe kwanon da hannu biyu,
tururi na wanke mata fuska.

Na tsaya kamar ɗalibi a ƙofar ofis.

Ta ce, tsamiyarka ta ɗan yi yawa.
Ta ƙara kurɓa.
Ta ce, akwai saura a tukunyar?