Ƙirgar Asuba a Izumi

Tun duhu bai yaye ba muka hau rufin makaranta,
ni da kakana Tokuji, da shayi a gora.
Sanyi na cizon kunne.
A ƙasa gonakin shinkafa, an girbe su tas,
sai kututture da ruwa kwance.
Ya miƙo mini madubin hangen nesa.
"Riƙe, Honoka. Idona ya ajiye aiki.
Ke ki gani, ni in faɗa."

Na ce duk gauraki ne, Kaka, duk kamarsu ɗaya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Baƙon kasuwa ke cewa duk hayaniya ce.
Fara da na kusa. Yaya jikinsa?"

Baƙi ne, kamar hayaƙi ya daɗe a kansa,
amma kai da wuya fari, sai ka ce an tsoma a gari.
"Nabezuru ke nan, ɗan gindin tukunya.
Da kakarki na nan da ta bi shi da soso.
Su suka fi yawa, dubu kan dubu,
kada yawansu ya sa ki raina su."

Can baya ga wani dogo, ya zarce su,
jar fata ta kewaye ido kamar wanda ya kwana kuka,
farin zane ya gangaro ta ƙeya,
ƙafa ja-ja kamar ya taka ruwan zafi.
"Manazuru. Dubi takunsa, ba ya gaggawa,
mai bin bashi ne da ya san za a biya."

Wani ya tashi, wuya a naɗe.
Na ce ga ɗaya!
"A naɗe? Zalɓe ne, fitar da shi.
Gauraka ba ya tanƙwasa wuya a sama,
miƙe yake sambal, ƙafa na bin baya."
Na soke layi a takarda,
kunya ta ɗumama ni fiye da shayi.

Sai wani da ya ƙi shiga ko'ina:
kan wannan, wuyan wancan, launin tsakani.
Na juya littafi gaba da baya, babu shi.
"Uwa daga nan, uba daga can," in ji Kaka.
"Tsuntsu bai karanta littafinki ba.
Rubuta shi a gefen takarda,
can ma wuri ne."

Rana ta leƙo ta bayan tsauni.
Motar hatsi ta shigo, fili ya ɗauki kuka,
manya na guɗa, yara masu jan kai na fito siriri.
A ƙarshen ruwa, shi kaɗai,
wani fari fat, fuska ja har baki.
Na ce balbela ce ta yi ƙiba.
Kaka bai yi dariya ba.
"Jira ya buɗe."

Muka jira. Shayi ya huce.
Ya yi kiwo, ya yi soshi, ya tsaya da ƙafa ɗaya,
bai san ana jiransa ba.
Da ya ga dama ya ware fiffike,
sai ga baƙi a bakin kowane hannu,
kamar marubucin da rigarsa ta sha tawada.

Na faɗa masa.
Ya kama kafaɗata da ƙarfin da ban san yana da shi ba.
"Sodeguro, mai baƙin hannun riga.
Sau ɗaya na gan shi, shekarar da aka haifi ubanki.
Sake faɗa. A hankali.
Fara daga baki."

Na fara daga baki.
Ya rufe idon da dama ba ya gani,
ya karkata kunne wajen ruwa,
cikin kukan dubu goma yana tsintar ɗaya.

A takarda, ƙarƙashin dogayen lambobi,
na ja sanda guda.
Hannuna na rawa, ta fito a karkace.