Faifan Alhamis

Litinin, takwas saura kwata,
sanyin Jos na cizon 'yan yatsu,
ban ko kurɓi shayina ba
wayar tebur ta fasa kuka.
Kaneng ce, daga ofishin albashi:
"Na sa suna, na sa kalmar sirri,
ƙofa ta buɗe, amma gidan wayam.
Ba folda, ba firinta."
Ina ajewa wata ta ɗauka.
Mutum ɗari da sittin, kuka ɗaya.

Na gangara ɗakin uwar garke.
Kundin sunaye na nan kalau,
kowa da sashensa, kowa da matsayinsa.
Rubutun shiga ne babu,
'yan layukan nan masu tarbar mutum a zaure
su ce masa ga ɗakinka,
ga inda ka bar aikin jiya,
ga hanyar da takardarka za ta bi.
Yaron kamfani ya share su ran Juma'a,
wai tarkace ne, yana gyara.
Garin neman gira muka rasa ido.

Sai Malam Tasi'u ya faɗo mini a rai.
Shekara sha tara, duk Alhamis bayan la'asar
yakan kwafe su a faifai,
ya manna takarda, ya sa kwanan wata da jan biro,
ya kulle a durowar ƙasa kusa da man zafinsa.
Mun sha yi masa dariya.
Shi dai ya ce ajiya maganin wata rana.
Da ya yi ritaya ya koma Bukuru kiwon kaji
ya bar mini makulli, na yi masa alkawari.
Alhamis biyu na cika.
Ta ukun aka yi ruwa, na ce sai gobe.

Durowar ta yi gardama kafin ta buɗe.
Faifan ƙarshe, rubutun hannuna ne,
wata bakwai ke nan.
Kunya ta fi sanyin ɗakin.

Na fara maidowa a kaina,
don in ta ɓaci ta ɓaci da ni.
Na fita, na sake shiga.
Foldoji suka dawo ɗaya bayan ɗaya
kamar tumaki da magariba.
Sai albashi, sai sito, sai rajista.
A tsakanin layuka ina cin karo da muryarsa:
"Kar a tura wa firintar hawa na uku,
tana cin takarda."
"Wannan layin kar a taɓa, ni ma ban san dalili ba."

A sashen sito na tsaya.
"Barka da zuwa, Davou."
Davou da muka kai makwancinsa da damina
bayan hatsarin hanyar Akwanga.
An cire sunansa daga kundi tuntuni,
amma faifai bai je jana'iza ba.
Layi huɗu na nan tsaye a ƙofa
suna jiran ya sa kalmar sirri.

Yatsana ya daɗe a kan madannin sharewa.
Daga baya na sa musu alamar nan a gaba,
wadda na'ura ke tsallakewa,
sai ɗan Adam ke karantawa.

Kafin azahar hayaniya ta lafa.
Ba wanda ya ce sannu.
Kaneng ta sake kira, wai tawada ta ƙare.

Ran Alhamis na bi ta Taminus
na sayi faifai goma da jan biro.
Na kira Bukuru, kaji na ta surutu a bayansa.
Na zayyana masa komai, ina jiran gori.
Ya yi tari, ya ce,
"Wanda ka kwafa yau, ka gwada maido shi?"
Na yi shiru.
Ya ce, "To koma.
Ajiyar da ba a gwada ba, jita-jita ce."