Kiran Suna a Ajin Kurame

Takwas saura kwata, a bayan garin Birnin Kebbi,
maigadi ya buga tsohon ƙarfen mota.
Wannan kiran makafi ne.
Nawa yaran sai na leƙa taga na kaɗa jan ƙyalle.

Sittin da uku ne a rajistata, ni ɗaya tilo,
kuma ba da baki nake kiransu ba.
In na ja kunnen hagu, Tsahara ce, mai ɗan kunne ɗaya.
In na zana yatsa a kunci, Nomau ne na Bunza, mai tsaga.
In na shafa ciki, duk aji ya juya ga Bagudu
wanda bai taɓa barin ƙanzo a tukunya ba.
Kafin in kai ƙarshen shafi kafaɗa ta yi tsami,
ga alli a aljihu, ko taɓa shi ban yi ba.

A takardar ma'aikata mu goma sha tara ne.
Na ƙirga mu a gindin dogon yaro:
biyu sun ajiye aiki,
uku sun sami hanya sun koma sakatariya, inda akwai fanka,
ɗaya mun kai shi makwancinsa damina biyu da suka wuce,
har yau takarda ba ta ji labari ba.
Sha uku muka rage.
Waɗanda hannunsu ke iya magana, huɗu.

Can ɓangaren makafi akwai Malam Arzika
da allon ƙarfe da tsinkensa.
Shi ke huda littafi shafi-shafi da dare,
tunda injin guda ne, haƙoransa biyu sun karye.
Watan gobe shekarunsa na aiki za su cika.
Na tambaye shi wa zai gāji tsinken,
ya yi dariya, ya ce in tambayi masu ido.

Bara aka turo mana Malama Shafa'atu daga Jega,
da digirinta na lissafi, sabo fil.
Ta ba aji baya, ta fuskanci allo,
ta yi ta zuba bayani har minti arba'in.
Yara suna kallon mayafinta.
Da ta juyo ta gane, sai ta zauna a kan benci, ido ya cika.
Tsahara ce ta taso ta kama mata hannu,
ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya:
ga ɗaya, ga biyu, ga yadda ake cewa sannu.
Yanzu tana kai ashirin ba gargada.
Wa ke biyan Tsahara albashi?

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
To ni biyu gare ni, da su nake zance;
ranar da na ɗauki jinka, ajin ya yi shiru ke nan.

Jiya da hantsi wani manomi ya iso daga Kamba a kan babur,
yaro ɗan shekara tara liƙe da bayansa,
da ƙullin shinkafa sabon casa, wai na malamai.
Shugaba ya ce babu gado,
uku-uku suke kwana, kai da ƙafa.
Uban ya ce, a gida ma ƙasa yake kwana,
abin da babu a gida shi ne wanda zai yi hira da shi.
Shugaba ya daɗe yana duban biro.

Yau da safe aji ya kewaye baƙon.
Bai saki takalmansa ba, suna rungume a ƙirjinsa.
Hannaye suka tashi, aka yi ta gardama kamar kasuwa,
ba ka jin komai sai ƙarar benci.
Daga ƙarshe Nomau ya harɗe hannu biyu a ƙirji,
ya nuna shi.
Yaron ya dubi hannun, ya dubi takalman,
ya nuna kansa.

Layin rajista ya ƙare tun a Bagudu ƙarami.
Na juya littafin a kaikaice,
na rubuta a gefe, kusa da ɗinki: sittin da huɗu.