Ƙarshen Dogo

A Ƙaurar Namoda dogo ya ƙare,
nan ƙarfe ya ce ya gaji, ya kwanta cikin ciyawa.
Nan nake zama bayan 'yar taga,
shekara goma sha tara ina yagar tikiti.

Kafin annoba, in ranar kasuwa ce,
ba na ganin fuska, hannuwa kawai:
hannun Labbo mai gyaɗa, da ƙasa a farcensa,
hannun Kulu da lalle, tana kwance kuɗi daga bakin zane,
da na ɗan makarantar nan mai zuwa Gusau
wanda kuɗinsa ba ya cika, kullum in cika masa.

Sai aka ce tari na yawo.
A rufe baki, a bar musafaha,
kowa ya ja jiki kamu huɗu daga ɗan'uwansa.
Ina wurin jan jiki a tarago,
inda gwiwarka ke gaisawa da gwiwar baƙo
tun daga nan har Funtuwa?

Aka kawo bokiti mai famfo da sabulu.
Sabulun ya tsage don rashin hannu.
Wata Talata na sayar da huɗu,
na rubuta huɗu, na ja layi a ƙarƙashi
kamar wanda ya yi abin kirki.
Ƙadangare ya gaje bencin fasinja,
awaki na kiwo tsakanin ƙarafa,
tun ina korarsu har na bari.

Labbo, an ce, ya koma motar haya.
Kulu kuwa, ɗanta ne ya zo ya faɗa mini,
ya tsaya nesa, ƙyalle a bakinsa.
Ban tambaya ko ciwon ne ba.

Manya sun zo da farar mota, sun auna, sun rubuta,
sun ce jama'a za su dawo
in an gyara, in an rage kuɗi, in an kaza.
Ni dai na san ƙafa ba ta manta hanyar rijiya,
amma in ta saba da wata, sai da lallashi.

Jiya da hantsi aka ƙwanƙwasa taga.
Ɗan makarantar nan ne, gemu ya fara tsiro.
Ya ce, "Baba Nomau, yaushe za ya tashi?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya ajiye kuɗi cif-cif, har da bashin baya.
Na hure hatimi, na nemi tawada,
ta bushe a kwalba.
Na ɗiga mata ruwan buta.