Abin da Ban Rubuta a Rahoton Taro Ba

Ni ne sakataren kwamiti,
alƙalami nawa, magana ta manya.
Tun hantsi muke zaune a Dundaye
kan tsarin shekara biyar:
wace na'ura za a saya, wa zai riƙe kalmar sirrinta,
tsangaya nawa za a ɗaura wa waya guda.

Farfesa Marafa na son kwamfuta ɗari uku.
Ma'aji ya buɗe fayil, ya rufe,
ya ce, "Da mi?"
Dokta Luba ta ce a fara da rana,
tunda Allah Ya ba Sakkwato ita ba mudu ba awo,
a shimfiɗa faranti a rufi, a huta da bashin dizal.
Aka ce a kafa ƙaramin kwamiti.
Na rubuta: an kafa.

Ban rubuta cewa Haliru na bakin ƙofa ba,
da filaya a aljihun baya.
Matakin albashinsa bai kai kujera ba.
Shi ke kwana ɗakin uwar na'ura
in janareta ya fara tari,
fankar matarsa ya ɗauko yake mata fifita
kamar mai jinyar uwa a watan bazara.

Ban rubuta bara ba,
da fartanyar wani mai albasa a fadamar Kwalkwalawa
ta datse wayar da muka binne muka manta.
Kwana tara shafin rajista bai buɗe ido ba.
Wata ɗaliba daga Tangaza
sau uku tana biyan kuɗin mota,
na huɗun ba ta zo ba.
Taswirar wayar kuwa gara ta karanta ta
tun kafin a naɗa mu.

Da azahar aka shafa fatiha,
kowa ya sa hannu a takardar alawus.

A waje na ce, "Haliru, ina wayar nan ta bi?"
Ya karyo tsinken dogonyaro ya tsuguna,
ya ja layi a ƙasa:
nan gada, nan tsohuwar rijiya,
nan ta karkata don gudun kabarin wani.
Na tsuguna kusa da shi
ina kwafa a bayan takardar ajanda,
gumina na ɗiga a kan Tsangayar Shari'a.

Tsarinmu na shekara biyar ne.
Shi saura wata goma sha huɗu ya ajiye aiki.