Kyaftin a Tiquina

Aji uku, ranar sanyi mai shiga ƙashi,
Malama Hilaria ta yayyaga tsohon littafin lissafi,
ta miƙa wa kowa ƙyallen takarda:
"Ku rubuta abin da za ku zama."
Yatsuna sun ƙage, sai da na hura musu iska
kafin na rubuta: kyaftin ɗin jirgin teku.
Aji ya kece da dariya.
Bolibiya ba ta da teku, ko tumaki sun sani,
taswirar bango ma ta faɗa: dutse gaba, daji baya.
Malama ba ta ko murmusa ba.
Ta ninke takardun, ta zuba a gwangwanin biskit.

Shekara talatin da huɗu ke nan.

Zenobia, wadda ta ce likita,
tana São Paulo, a ɗakin da ba shi da taga,
tana ɗinka aljihun wanduna, ɗari uku kafin dare.
Allurar dai ta shiga hannunta, in ji uwarta,
kuma ɗinkinta ba ya warwarewa.

Nicanor ya ce ƙwallo. Hagunsa guduma ce.
Ramin kuza na Huanuni ya karɓi ƙafar,
ya ba shi canjin tari.
Ran Lahadi yana hura wa yara usur,
sanda a hammata, zagi a baki, alewa a aljihu.

Fermín bai rubuta komai ba, takalmi ya zana,
don a lokacin tayar mota ce a ƙafarsa.
Yau shago uku gare shi a El Alto,
kuma ba ya ɗaga waya in ya ga lambar gida.

Eulalia ba ta kai aji biyar ba.
Zazzaɓi, dare biyu, akwati ƙarami.
Na manta abin da ta rubuta,
mantuwar tana cizo na kamar tsakuwa a takalmi.

Ni kuwa jirgin fito nake ja,
katako goma sha wani abu da tsohon inji,
ina ɗaukar bas daga wannan gaɓa ta Titicaca zuwa waccan.
Minti ashirin. In dawo. Minti ashirin.
Na lissafa wata rana a bayan rasit:
da tafiyar miƙe take, da na wuce teku biyu.

Watan jiya bas ɗin La Paz ta hau,
fasinjoji suka sauka su bi ƙaramin kwalekwale,
ban da wata tsohuwa da gwiwa ta hana.
Asibitin ido za ta, farin hazo ya rufe mata duniya.
Na yi wa yarona tsawa ya saki igiya,
sai ta juyo da kunne ta taga:
"Muryar wa nake ji?"
"Teodoro Callisaya, bencin baya."
Ta yi shiru, ruwa yana marin katako.
"To, kyaftin," ta ce, "kada ka kifar da ni."

Na ce ina gwangwanin?
Ta ce rufin ya yi yoyo wata damina,
tawada ta gudu, ɓera ya gama sauran.
Na ce Eulalia fa, Malama?
Ba ta ko yi tunani ba.
"Tsohuwa ta rubuta. Ina so in zama tsohuwa kamar kakata."

Inji yana tari irin na Nicanor.
Na dubi hannuna a kan sitiyari,
fata ta soma tattarewa, jijiya ta fito fili,
aikin da yarinyar ta nema yana zuwa mini kyauta.

Gaɓa ta matso.
Na rage wuta, na jingina jirgin a hankali
yadda ko ƙwai ba zai fashe ba,
na jefa igiya.